Bel ɗin da Barira Ba Ta Ɗaura Ba

Duk wanda ya taɓa tauna ƙuli-ƙulin Nariya har ya ji ƙararsa a tsakiyar kansa, to ya ci aikin hannun Barira. Shekara arba'in ke nan tana abu ɗaya: ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a kai inji, a dawo mata da ita ta hau juyi a turmi har mai ya taso. Mu taubasanta mun daɗe muna cewa ranar da aka matse zanin Barira za a sami man da zai soya wa Kibiya ƙosai har azumi biyu. Ita kuma takan ce mu yi haƙuri ta mutu, shi ne gadonmu. Ba a kayar da ita a wasa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa idan ta kira akuyarta a Nariya, awakin Fammar ne ke fara amsawa.

Amma akwai mutum ɗaya da wannan murya ba ta taɓa sauka a kansa ba, wato ɗanta na fari, Mika'ilu.

Kunyar ɗan fari ba a kan Barira aka fara ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Sai dai yawancin mata sukan sassauta idan yaro ya yi gemu. Barira kakarta ta wajen uwa 'yar ruga ce, saboda haka tata kunyar da babban mudu aka auna mata. Ranar da aka yaye yaron aka kai shi Rano, gidan wan mijinta, Bappa Manu, can ya tashi, can ya yi makaranta. Sunansa kuwa ya haramta a bakinta. Ko a islamiyyar matan aure, idan aka zo lissafin mala'iku, takan ce Jibrilu, ta yi tari, ta tsallaka Israfilu. Idan ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A tambayi mutanen Rano ko sun ci abinci." In babu kowa a tsakar gidan, turmi take gaya wa. Turmin nan ya ɗauki saƙo fiye da gidan waya.

Shi ma ya koya. Bai taɓa tsayawa a kanta ya yi magana ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba, kuma a ganinsa haka ake uwa.

Da ya gama karatu a Kano sai ya sami aiki a wani kamfanin jiragen sama, cikin ma'aikatan da ke kula da fasinja a cikin jirgi. A Nariya labari ya bazu cewa ɗan Barira ne ke tuƙa jirgi. Mu muka gyara labarin. Muka je har bakin murhunta muka ce, "Ashe rabon shayi yake yi a sama? Da an faɗa mana, ai da mun kafa masa tebur a tashar Kibiya."

Ta ce, "Ku ma ku hau ku raba mana, mu gani. Ku da ko bishiyar ɗorawa ba ku iya hawa ba."

Ba ta taɓa yabonsa ba. Amma duk ranar da ƙugin jirgi ya ratsa ta saman Nariya, sai Barira ta tuna tana da shanya a waje. Ta fito, ta taɓa gyaɗar da ba ta buƙatar taɓawa, ta saci kallon sama da gefen ido, ta koma ɗaki. Akwai ranar da ta fito juya shanya alhali ana ruwa.

Bayan rasuwar mijinta, Malam Mato, Mika'ilu ya biya mata kujerar Makka. Shekara biyar ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da mata suka ajiye gyale suka koma hijabi, Barira kuma da ba ta yin abu rabi ta sa tela ya ɗinka mata wanda mutum uku za su fake a ciki idan hadari ya taso. Allah ya haɗa tafiyarta da maƙwabciyarta Saude, wadda kansilan mazaɓarsu ya ba kujera saboda 'ya'yanta sun sha rana a yaƙin neman zaɓensa. Shekara talatin Saude ce bakin Barira a duk abin da ya shafi Mika'ilu. Ba a kuma taɓa samun bakin da ya fi wannan son aiki ba. Saude tana iya amsa tambaya tun mai tambayar yana gyaran murya.

Mika'ilu ya roƙi alfarma a wurin aiki aka sa shi a jirgin maniyyatan Kibiya. Da hantsi suka hau. Yana tsaye a ƙofa cikin kayan aiki, fari da baƙi, ya ga uwarsa ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa. Ta wuce shi kamar ta wuce turken akuya. 

Jirgin alhazai ba a bin lambar kujera, kowa inda ya samu yake zama. Saude ta shige wajen taga, Barira ta zauna a bakin hanya. Kafin a tashi aka ce kowa ya duba gaba, ma'aikata za su nuna yadda ake ɗaura bel ɗin kujera. Wa ya tsaya a gaban layinsu riƙe da bel a sama? Mika'ilu. Mutum ɗari huɗu suka zuba ido suna koyo, Barira ta zuba wa ƙafarta ido. Ya nuna sau biyu, a hankali, don tsofaffi. Ba ta ga ko ɗaya ba.

Saude ta cusa ƙarfe cikin ƙarfe, ya ce ƙas, ta ce, "Ashe ma wasan yara ne." Barira ta lalubo nata a ƙarƙashin hijabi. Ta juya shi, ta kifa, ta tura, ya ƙi. Ta so ta tambayi Saude, sai ta tuna bakin Saude. Kafin su dawo, har 'yan tallan garin Dawaki sai sun ji cewa uwar ma'aikacin jirgi ba ta iya ɗaura bel ba. Sai ta haɗa bakin biyu ta damƙe a hannu, ta saki hijabi a kai. Hannun da ya shekara arba'in yana juya tunkuza, ta ce a ranta, ai ya fi wannan ɗan ƙarfen riƙo.

Mika'ilu ya biyo layi yana dubawa, kujera bayan kujera. Wanda bai ɗaura ba ya ɗaura masa. Da ya iso kansu ya rage tsawo, ya ce, "Inna Saude, an ɗaura?"

"Ga shi kana gani, ɗana. Ni da na iya ɗaure jaki?"

"To Inna fa?"

Barira ta juyar da fuska.

Saude ta ce, "Ta ɗaura tun ɗazu. Ita ta riga ni ma."

Ya dubi hijabin, tun daga wuya har ƙasa babu abin da ake gani. Da wata tsohuwar ce da ya ce, Baba ɗan ɗaga in gani. Wannan kuwa ina? Ya ce, "To madalla," ya wuce. Barira tana ji, bakin bel biyu suna hannunta, ba ta ce uffan ba.

Jirgi ya tashi lafiya. Aka kawo abinci, Saude ta karɓi na mutum biyu daga hannun Mika'ilu ta miƙa wa Barira nata. To ba a cin shinkafa da hannu a damƙe. Ta saki bel, ɗaya ya faɗa tsakaninta da Saude, ɗaya ya zube ta wajen hanya. Ta ci, ta yi hamdala, ta ga jirgin nan ya fi motar Rano natsuwa nesa ba kusa ba, ta manta da shi.

Bayan azahar, saura kamar awa guda su sauka Jidda, hasken taga ya dushe. Matuƙin jirgi ya yi magana a lasifika, aka fassara da Hausa: za a shiga gargada, kowa ya zauna ya ɗaure, har da ma'aikata, kada wanda ya tashi. Ma'aikata suka ture keken abinci suka kulle, kowa ya nufi kujerarsa. Ta Mika'ilu irin mai naɗewar nan ce, tana kallon fasinja, layi biyar tsakaninsa da uwarsa. Ya zauna ya ɗaure.

Jirgi ya yi girgiza ta farko, salati ya tashi. A nan idon Mika'ilu ya faɗa kan ƙarfen bel yana lilo a gefen kujerarta, yana bugun ƙafar kujera.

Ya ɗaga murya, "Inna Saude! Inna Saude!"

Saude ta runtse ido, tana jero duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Ba ta ji ba.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya dubi uwarsa kai tsaye, a gaban mutane, ya ce, "Inna! Bel ɗinki! Ki ba Inna Saude ta ɗaura miki!"

Barira ta ji. Wannan ita da kanta ta faɗa daga baya, ba sau ɗaya ba: ta ji shi sarai, kalma bayan kalma, ta kuma gane. Abin da ya rage ta zunguri Saude da gwiwar hannu. Amma yaron ya yi mata magana a bainar jama'a, mutanen Kibiya suna gaba suna baya, sai jikinta ya yi abin da ya saba tun tana amarya. Ta sunkuyar da kai.

Mika'ilu ya kwance nasa bel. Abokiyar aikinsa da ke gefensa ta kama rigarsa tana masa tsawa, ya fizge. Ya tako layi biyar ɗin yana dafa kujeru. An koya musu a wurin aiki, in ta kama dole, mutum ya riƙe kujera da hannu ɗaya ya yi aiki da ɗaya. Mika'ilu ya isa gaban uwarsa, ya zube a kan gwiwoyinsa, ya saki kujera, ya ce, "A gafarce ni." Ya sa hannu biyu ya jawo bakin bel ɗin, ya haɗa. Ƙarfe ya ce ƙas.

Sai ƙasan jirgin ya ɓace.

Waɗanda suka je sun ce faɗawar ta kai zurfin rijiya ɗari. Butoci suka tashi, takalma suka tashi, hular wani liman daga Fammar ta yi layi tara ba ta dawo ba. Wani tsoho ya ce ya ga haƙoransa na roba suna shawagi a gaban hancinsa ya kasa kamawa. Waɗannan duk an ba da labarinsu ana dariya. Abin da Barira ta gani ba a dariya a kansa. Ta ga ɗanta ya tashi daga durƙuson nan yadda yake, kansa ya daki rufin jirgi, sannan jirgi ya dawo sama da ƙarfi ya tarye shi, ƙugunsa ya sauka a kan hannun kujerar da ke ƙetaren hanya. Ta ji ƙarar, irin ta busasshen kara idan an taka.

Ita kuwa ko motsi ba ta yi daga kujerarta ba. Bel ya riƙe ta gam.

Ya kwanta a hanya, kansa dab da ƙafarta, jini yana bin kunnensa. Da jirgi ya lafa likitan alhazai ya zo, ya ce kada a ɗaga shi. Saude ce ta kwance bel ta tsallake Barira ta tallafi kansa tana kuka. Wata mata daga baya, ba 'yar yankin ba, ta ce, "Wayyo, ɗan waye wannan? Allah ya ba uwarsa haƙuri." Barira tana zaune, hannuwanta a cikin hijabi, ta damƙi cinyarta har sai da farce ya shiga. Mika'ilu ya buɗe ido ya dubi Saude ya ce, "Ba ta ji ciwo ba ko?"

A Jidda aka sauke shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka wuce da shi asibiti. Barira ta bi ayari. Ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa, ta tsaya a Arfa, duk abin da malamin ayari ya ce a yi ta yi. Ba ta ce a kai ta ta gan shi ba. Kullum da safe dai takan ce wa Saude, "Ba a ji labarin mutanen Rano ba?" Saude ta je ta tambayo jami'ai ta dawo. Maganar bel kuwa ba su taɓa tayar da ita ba, ko su biyu. Karo na farko ke nan a tarihin Nariya da Saude ta riƙe magana, don ita ma ta san da bakinta a ciki. Sauran alhazai abin da suka sani shi ne yaron kirki ya tashi taimakon wata tsohuwa, ƙaddara ta same shi. A rikicin nan ba wanda ya lura wace ce.

Ta dawo gida ba haƙorin Makka. Muka je tarye da shirinmu, mun kwana uku muna wasa baki. Muka ce, "Hajiya Barira! An ce da kika jefi Shaiɗan sai da aka kai shi wurin mai ɗori."

Ta ce, "Kada a ƙara ce mini Hajiya." Ta miƙo mana dabino da zamzam, ta shige ɗaki.

Muka dubi juna. Ba rama wasa, ba zagi, ba kakanku ya yi kaza. Tun daga ranar muka san akwai abin da ta bari a hanya, ba mu dai san mene ne ba. Ƙuli-ƙulinta ma ya canza. Wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu sam.

An dawo da Mika'ilu Kano da ƙarfe a ƙugu. Wata huɗu yana kwance. Barira tana aika mai da ƙuli-ƙuli duk mako, wai a kai wa yaran gidan, ba ta je ba.

Ran nan da rana tsaka tana suya a tsakar gida sai ga matarsa, Mu'minat, ta yi sallama, ido a kumbure. Ta durƙusa ta gaida surukarta, ta sha ruwa, sannan ta fashe.

"Inna, korarsa za su yi. Ranar Alhamis kamfani zai zauna a kansa. Sun ce laifi biyu ne: ya tashi bayan an ce kowa ya zauna, kuma tun farko bai duba bel ɗin fasinjar ba. Na farkon sun ce da sauƙi, tunda rai ya je ceta. Na biyun ne babba. In ya tabbata sakacinsa ne, za su sallame shi, su janye hannu daga maganinsa, ga shi saura aiki ɗaya likita zai yi masa kafin ya taka. Shi kuma ya rubuta da hannunsa wai mantawa ya yi, bai duba layin ba. Inna, mutumin da ke duba ƙofar gida sau uku kafin ya fita? Abokiyar aikinsa ta ce da idonta ta ga ya tsaya a layin ya yi tambaya. Tsohuwar ce ta ɓoye. Na ce ya faɗi gaskiya, ya ce in na ƙara tayar da maganar ba da yawunsa ba."

Barira ba ta daina juya ƙuli-ƙuli a mai ba.

Mu'minat ta ce, "Shi ya sa na zo a ɓoye. Ke kina cikin jirgin. Wace ce wannan tsohuwa? A nuna mini gidanta. Tana can tana yawo da ƙafafunta ana ce mata Hajiya, ta bar mini miji a kwance. Wallahi ban yafe mata ba, Allah ya isa tsakanina da..."

"Tana gabanki."

Mu'minat ta waiga bayanta.

Barira ta ce, "Ba a baya ba. Ƙarasa abin da kika fara, ba ki yi ƙarya ba."

Ƙuli-ƙulin da ke cikin kasko ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gidan, ba wadda ta tashi ta sauke.

Ranar Alhamis da sassafe ta buga ƙofar Saude ta ce ta ɗauko hijabinta. Suka hau motar Kibiya, suka canza a Rano, suka isa Kano. Mu'minat ta raka su ofishin. Mutum huɗu ne a bayan dogon tebur. Shugabansu mutumin kudu ne mai Hausar kasuwa, kusa da shi wani dattijo Bakano mai farin gemu yana rubutu. Mika'ilu yana gefe a zaune, sandunan ƙarfe biyu jingine da kujerarsa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya ga wadda ta shigo ya yunƙura zai tashi, ƙugu ya hana.

Saude ta gyara tsayuwa ta fara, "Ranka ya daɗe, wato abin da ya faru, mu dai mun hau jirgi da hantsi, ni ina wajen taga..."

Barira ta ce, "Saude, bakinki ya yi aikinsa a jirgi. Zauna."

Saude ta zauna. Mu da muka san ta har yau muna jin haushin ba mu je mun gani ba.

Barira ta dubi shugaban ta ce ita ce tsohuwar. Ta ce an nuna yadda ake ɗaurawa, ba ta kalla ba. Ta ce an zo an tambaya, ta rufe da hijabi, maƙwabciyarta ta amsa abin da ba ta sani ba, ita kuma tana ji ta yi shiru. Ta ce da gargada ta fara an kira ta, an gaya mata abin da za ta yi, ta ji, ta sunkuyar da kai. Muryar nan da ke tayar da awakin Fammar, ranar sai da shugaban ya matso da kujerarsa kafin ya ji.

Ya ce, "Mama, ban gane ba. Me ya sa ba ki kalla ba? Me ya sa ba ki amsa ba? Kun yi faɗa da shi ne?"

"Ba mu taɓa faɗa ba."

"To mene ne tsakaninki da shi?"

Barira ta dubi tebur. Sannan ta ce, "Ni na haife shi. Shi ne na fari."

Dattijon nan Bakano ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Innalillahi." Ya juya ya yi wa shugaban bayani da Turanci, doguwar magana, shugaban yana kallon uwa yana kallon ɗa yana girgiza kai.

Mika'ilu ya ce, "Yallaɓai, tsufa ne. Ba ta tuna abin daidai ba. Ni ne ban..."

Barira ta dubi shugaban kamfanin jirgin sama guda ta ce, "A ce masa ya yi shiru."

Shugaban ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya juya ya ce, "Ka ji. An ce ka yi shiru."

Suka rubuta maganarta, suka karanta mata, ta dangwala yatsa. Da aka ce ta faɗi sunan ma'aikacin don a cike takarda, ta ce ga shi nan a zaune, bakinsa ba abin da ya same shi, su tambaye shi.

Bayan mako biyu takarda ta fito. An wanke shi daga sakaci, an ja masa kunne a kan tashin da ya yi, kamfani zai ci gaba da maganinsa. Amma likita ya ce ƙugun ba zai ƙara ɗaukar tsayuwar jirgi ba. Aka ba shi tebur a filin jirgi, yana duba takardun fasinja. Mutumin da ya ga Jidda da Alƙahira da Dubai ya koma kallon mutane suna wucewa ta gabansa da jakunkuna. Bai taɓa kuka da hakan ba. Da ya yi, Barira ta ce, da ta fi samun sauƙi.

Bayan an yi masa aiki na biyu ta shirya ta tafi Kano ita kaɗai, ta shiga gidansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana kwance a falo a kan katifa. Ta zauna a bakin ƙofa. Mu'minat ta kawo ruwa, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta tuna tana da tukunya a wuta ta fice, ta ja yaran. Aka bar su su biyu da fanka a tsaye tana juya kai.

Barira ta dubi fankar ta ce, "A tambaye shi jiki."

Shi ma fankar ya duba. "A ce mata da sauƙi, alhamdu lillahi."

Fanka ta je dama ta dawo hagu.

"A ce masa na ji kiran da ya yi. Ba wai ban ji ba."

"A ce mata ba komai. Ƙaddara ce, an rubuta."

"A ce masa ban zo jin wa'azi ba, mun bar malamai a Kibiya. Da komai. Ƙafa ce ta tafi, aiki ya tafi. Ya daina ce mini ba komai."

 Can ya ce, "To me take so a ce?"

"Abin da ake cewa idan an yi wa mutum laifi."

Mika'ilu ya rufe fuska da hannu. Bai taɓa yarda a ransa cewa uwa tana yi wa ɗa laifi ba, faɗin kalmar kuwa yarda ce. Ita kuma ta gyara zama irin na wadda ba ta da niyyar tashi har a yi girbi. Mu'minat da ke laɓe a bayan labule ta ce tukunyarta ta tafasa ta ƙafe suna nan a haka.

Daga ƙarshe ya ce, "A ce mata na yafe."

Barira ta gyaɗa wa fanka kai. Ta goge ido da bakin hijabi, ta jawo ƙullin kayanta ta fara kwancewa, ta ce a tambaye shi ko likita ya hana shi cin mai, don in ya hana ba za ta koma da shi Nariya ba, yaran su ci.